Biyun da ke Bayan Baka

Ranar kasuwar Bagwai ce, damina ta kankama, rumfar taki kuwa ta cika da manoma masu tambayar farashi su girgiza kai su wuce. Sakinatu na tsaye a gefe tana jiran Kamilu mai taki ya auna wa Babanta kwano ɗaya na yuriya, sai ta ji wata murya a bayanta ta ce, "Malam, cikin murfin kwalba ɗaya nake so."

Kamilu ya ɗago kai ya dubi mai maganar. "Murfin kwalba? Malam, gonar taka a tafin hannu take?"

Dariya ta ƙwace wa Sakinatu kafin ta kai bakin hijabi ta toshe bakinta. Saurayin ya waiwayo. Dogo ne baƙi, da farin alli a hannun rigarsa, da idanun da suka yi mata kallo ɗaya suka koma ƙasa da sauri kamar an kama su da sata. Ita ma ta rasa inda za ta sa nata.

"Aji zan kai," ya ce, kamar ita ta tambaye shi. "Kemistiri nake koyarwa a sakandaren ƙauyenku, kuma ba mu da kayan gwaji. Abin da yara suka sani da shi nake koya musu."

"Kemistiri?" Ta yamutsa fuska. "Allah ya raba mu."

"Me ya yi miki?"

"Sau biyu yana kayar da ni."

"To ai bai iya kokawa ba, tunda ga ki a tsaye."

Ta karɓi ledarta ta tafi, amma har ta isa gida murmushin bai bar fuskarta ba. Kamilu ma ya ga wannan murmushin, kuma bai yi masa daɗi ba, don shekara guda ke nan yana cika mata kwano har ya yi tozo, ita kuwa ko ta lura.

Sunan saurayin Kashim. Asalin iyayensa mutanen Borno ne, amma tun kakansa suke zaune a Kano, shi kansa a Rijiyar Zaki aka haife shi, Barbarcinsa bai wuce gaisuwa ba. A wasu shekarun wannan ba zai zama abin magana ba. Sai dai lokacin shekarun tsoro ne, shekarun da ake sauke mutum daga babur a shingen bincike ya tura shi da hannu, a ji ƙara a birni kowa ya hau neman 'yan'uwansa a waya. Baƙo ya zama abin kallo, baƙon da sunansa ya nuna gabas kuwa, kallon nasa biyu ne.

Shi ya sa da Kashim ya turo shugaban makaranta neman izinin zuwa zance, Malam Dabo mahaifin Sakinatu ya daɗe yana shafa gemu.

"Ba mu san asalinsa ba," ya ce wa matarsa Hure.

"Malam, yaran gari suna hannunsa kullum. In mugu ne ai da an gani."

"Mugu yana rubutawa a goshi ne?"

Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin a zaure, bayan la'asar, ƙofa a buɗe.

Sakinatu shekararta ashirin da biyu, kuma tun tana ƙarama burinta makarantar koyon jinya. A jarrabawar gama sakandare komai ta ci sai kemistiri. Da ta faɗi karo na biyu Malam Dabo ya ce ya isa haka, ba zai sake zuba ido 'yarsa ta kwana uku ba ta cin abinci saboda takarda ba. Ita kuwa ta sayar da tunkiyarta, ta ce wa Inna Hure kayan aure za ta tara, ta je ta yi rajista ta uku ba wanda ya sani. Kashim kaɗai ta gaya wa, a zuwansa na uku.

"Ki faɗa wa Baba," ya ce.

"In na faɗi kuma fa? Da wane ido zan dube shi? Bari sai na ci."

"Sakina, ba na son ɓoye-ɓoye a gidan da nake neman aure."

"Ka yi mini alkawari dai, Mai Murfi."

Sunan da ta raɗa masa ke nan, kuma duk ranar da ta kira shi da shi ba ya iya musu. Ya yi alkawarin.

Daga nan zance ya koma darasi. Yakan zo da ɗan ƙaramin sikelinsa a aljihu, da ƙullin yuriyar nan a takarda. In Inna Hure ta leƙo sai ta ga kawuna biyu a sunkuye, ta koma tana cewa yaran zamani ko hira ba su iya ba.

"Wannan murfin giram shida ne," in ji shi. "Mol ɗaya na yuriya giram sittin ne. Mol nawa ke nan a hannunki?"

"Ɗaya bisa goma."

"Madalla. Mol kuwa kamar dami ne, sai dai shi adadin da ke cikinsa ba ya canzawa: 6.02 × 10²³. To ƙwayoyin yuriya nawa ne a murfin?"

Ta lissafa. "6.02 × 10²²."

"Atom ɗin naitirojin fa?"

"Shi ke nan ai. 6.02 × 10²²."

Ya dafe kai. Ya rubuta mata CO(NH₂)₂ da manyan haruffa, ya ɗora yatsa a kan ɗan biyun da ke maƙale a ƙarshe, bayan bakan da ya kewaye NH₂. "Wannan fa? Awakin Inna guda nawa ne?"

"Bakwai."

"Kunnuwansu fa?"

"Goma sha huɗu mana."

"To don me kike ƙirga awaki ki ce kin ƙirga kunnuwa? Kowace ƙwaya naitirojin biyu take ɗauke da shi. Biyun da ke bayan baka, duk abin da ke cikin bakan nasa ne."

Ta gane a ranar, washegari ta manta. Abin ya zama ciwonta. Sai ta yi lissafi mai wuya tsaf, ta zo kan ɗan biyun nan ta tsallake shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Don haka a ranakun da ba ya zuwa, sai saƙonni.

"Sakina tawa, ki ɗauki giram shida. Ki raba da sittin, ki ninka da babbar lambar. Kada ki manta biyun da ke bayan baka. Ni dai ban manta ki ba ko da minti ɗaya."

"Mai Murfi, na samu 1.204 × 10²³. In daidai ne ka yaba mini, in kuskure ne ka lallashe ni."

"Daidai ne, hasken idona. Gobe zan kawo wani haɗin mu gwada."

"To. Amma don Allah kada kowa ya san abin da muke yi sai mun gama. Ko Baba."

Ƙauyen ba wuta, kowa a shagon Kamilu yake cajin waya, don shi ke da janareta. Sakinatu ta saba aika tata ta yini a can, ba ta taɓa tunanin sa mata makulli ba. Kamilu kuwa kishi ya sa ya buɗe, yana neman kalaman soyayya ya ƙona ransa da su. Abin da ya gani ya wuce fahimtarsa: lambobi, giram, haɗi, kada kowa ya sani. Ya tuna mutumin da ya sayi taki cikin murfin kwalba. Ya tuna abin da ake faɗa a rediyo, cewa da taki ake haɗa abin da ke tashi da mutane. A yi masa adalci, tsoron da ya kama shi na gaske ne. Amma kishin ne ya ba tsoron ƙafafu, har ya kai shi ƙofar Mai Unguwa Nababa.

Kafin rana ta faɗi magana ta gama gari. Wasu suka ce an ga sikeli a ɗakin Kashim. Wasu suka ce yana magana da wani yare a waya, alhali gaisuwa ce yake yi da mahaifiyarsa. Iyaye suka hana yara zuwa ajinsa. Mai shayin da ke ajiye masa kofi na musamman ya daina amsa sallamarsa.

Malam Dabo ya shigo gida fuskarsa kamar hadari. "Daga yau kada in sake ganin yaron nan a zaurena."

"Baba, me ya yi?"

"Ke za ki gaya mini! Me yake aunawa a gidana?"

Gaskiyar tana nan a kan harshenta, 'yar ƙarama, amma ta ga idon Baba ta kasa. Ta ce, "Ba komai, Baba." Wannan ba komai ɗin kuwa ya fi komai muni, don Malam Dabo ya juya ya fita.

Inna Hure ce ta kawo mata sauran labarin washegari. Mai Unguwa ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zauna da Kashim. In ya wanke kansa, kuma aka sami ɗan gari magidanci da zai tsaya masa, shi ke nan. In ba haka ba, zai kai rahoto sama, don ba zai ɗauki alhakin gari a wuyansa ba. Kowa ya san abin da kai rahoto ke nufi a shekarun nan. Mota takan zo, mutum ya shiga, dawowarsa kuma sai yadda Allah ya yi.

Sakinatu ta karɓo wayarta ta kira Kashim, bai ɗauka ba. Ta rubuta masa:

"Kashim, ka tafi gida Kano yau. Don girman Allah ka tafi."

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"In na gudu na amsa laifin ke nan, kuma na bar ki da sunan wadda ta yi hulɗa da ni. Ina nan. Ki ci abinci, Sakina."

"To ka gaya musu komai. Na yafe alkawarin."

"Ba a bakina Baba zai ji shi a gaban mutane ba. Kada ki damu, Allah yana nan."

Kada ta damu! Ta yini tana zubar da abin da ta ɗauka, ta sa gishiri sau biyu a miya, duk ƙarar mota a kan hanya sai ta leƙa waje. Sau uku tana zuwa ƙofar turakar Baba tana komawa. Tsoro take ji, tsoron Baba da tsoron rasa Kashim, kuma ta rasa wanda ya fi girma.

Ranar Juma'a, maza suka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa. Sakinatu na tsakar gida ta kasa zaune ta kasa tsaye, sai ga maƙwabciyarsu ta shigo tana haki. "An karanta saƙonnin da ke wayar Kashim. Ya ce lissafin makaranta ne. An ce to mene ne kada kowa ya sani, ya yi shiru. Sau uku Mai Unguwa yana tambayarsa, ya ce amanar wani ce."

Sakinatu ta zari hijabi. Inna Hure ta dube ta, ta dubi ƙofa, ta ɗauki nata mayafin ta bi bayanta.

Mace ba ta zuwa irin wannan zama, don haka da suka durƙusa a gefen dakali sai wurin ya yi tsit. Kashim na zaune a tsakiya a kan tabarma shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Malam Dabo ya miƙe. "Me ya kawo ku?"

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini," ta ce wa Mai Unguwa. "Ni na rubuta kada kowa ya sani. Ba shi ba. Jarrabawa na sake yi wa rajista bayan Baba ya hana, da kuɗin tunkiyata. Shi koya mini yake yi. Ya ce in faɗa, na ƙi, na sa shi ya yi mini alkawari."

Ba ta iya duban inda Baba yake ba.

Kamilu ya ce, "Ranka ya daɗe, mace in tana so ai komai za ta faɗa. Wace jarrabawa ce ake auna taki?"

Mai Unguwa ya waiwaya wajen Malam Mika'ilu, tsohon malamin asibitin da ya yi ritaya ya dawo gida noma. "Kai ka yi boko. Za ka gane in ta yi a gabanka?"

"In ta yi zan gane."

Aka miƙo mata gawayi. Ta sunkuya a kan simintin dakali ta rubuta CO(NH₂)₂. Ta ce giram shida a raba da sittin, ɗaya bisa goma na mol. Ta ninka, ta samu 6.02 × 10²². Ta ja layi a ƙarƙashi ta ɗago kai. "Atom ɗin naitirojin ke nan."

Malam Mika'ilu ya yamutsa goshi. Kashim ya runtse ido, leɓɓansa suka motsa, amma bai ce uffan ba, don in ya yi magana za a ce shi ya sa mata a baki. Sakinatu ta ga fuskarsa, ta san wannan fuskar. Ta sake duban rubutun. Ga ɗan biyun nan a bayan baka yana kallonta.

"A'a, ku tsaya!" Ta goge da tafin hannu. "Awaki na ƙirga. Sau biyu ne. 1.204 × 10²³."

Malam Mika'ilu ya fashe da dariya har da tari. "Wallahi tambayar jarrabawa ce, ranka ya daɗe. Mu ma an yi mana ita, kuma a daidai wannan biyun aka zane ni. Ƙirga ƙwayoyin da ke cikin abu ne kawai, ko gishirin miya haka ake yi masa."

Wasu suka saki ajiyar zuciya, wasu suka hau kallon ƙasa. Amma Mai Unguwa bai yi dariya ba. "Na ji. Sai dai magana ta riga ta fita gari. In gobe aka zo aka tambaye ni, wa zan ce ya tsaya masa? Wanda ya tsaya, in wani abu ya taso, da shi za a tafi."

Ba wanda ya motsa. Shugaban makarantar ma baƙo ne, ba ya cikin lissafi. Mutanen da Kashim ya koyar da 'ya'yansu suna nan zaune, kowa na gyara hula.

Malam Dabo ya dubi Kashim. "Yaro, ka san abin da shirun nan naka zai jawo maka?"

"Na sani, Baba."

"To don me?"

"Ba na so ka ji kunya a bainar jama'a ta dalilina. Kuma na yi mata alkawari."

Tsohon ya gyara tsayuwa ya fuskanci Mai Unguwa. "Na tsaya masa. In an zo, gidana ba ɓoyayye ba ne." Sannan ya juyo ga 'yarsa. "Ke kuma tashi mu je gida, tsakanina da ke ba a nan ba ne."

Faɗan da ya yi mata a gida har maƙwabta sun ji, kuma ta cancanta. Da ya gaji ya zauna, sai ya tambaya a hankali, "Yaushe ne jarrabawar?" Ta faɗa masa tana sheshsheƙa. Ya ce, "To ya dawo ya ci gaba da koya miki. Amma ni ma zan zauna." Haka aka yi. Malam Dabo ya riƙa zama a bakin zaure yana gyaran ƙotar fartanya, bai san ko harafi ɗaya ba, amma in ya ji Kashim ya yi shiru sai ya ce, "Ta sake mantawa ko?"

Kamilu ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Kashim ya yafe. Sakinatu ta ce ita sai ta yi tunani, kuma ta koma kai cajinta wani shagon.

Ta rubuta jarrabawar, ta ci, ba da wani babban maki ba, amma wanda ya isa. Aka sa ranar aure bayan an gama girbi.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan Malam Dabo ta cika. Hajiya Falta mahaifiyar ango ta iso tun jajibere, ta turare gidan da turaren wutan da matan ƙauyen suka yi ta tambayar sirrinsa. Amma Alhaji Umara, ƙanen mahaifin Kashim wanda zai karɓa masa aure, shiru. Sun taso daga Kano da sassafe, layin shingen bincike ya riƙe su. Rana ta take, liman na duban hanya, mutane sun fara gunaguni za su koma. A cikin ɗaki Sakinatu ta damƙe wayarta da hannuwan da suka sha lalle.

"Kashim, me ake ciki? Gabana faɗuwa yake."

"Kawu ya ce ba su motsa ba. Ya ce in nemi dattijo ya wakilce shi. Sakina, ban san wa zan tambaya ba."

Ba ta gama karantawa ba ta ji wurin ya yi shiru a waje. Inna Hure ta leƙa ta katanga, ta dawo da gudu tana riƙe baki. Mai Unguwa Nababa ne ya tashi daga wurin zamansa, ya taka a hankali da sandarsa, ya zo ya zauna kusa da Kashim, kafaɗa da kafaɗa.

"Malam Liman, a fara," ya ce. "Ni zan karɓa wa ɗana aure."

Malam Dabo ya bayar, Mai Unguwa ya karɓa, aka shafa fatiha. Guɗa ta tashi a cikin gida, Sakinatu ta kifa kai a cinyar Inna tana kuka, kukan da ba ta san ta tara shi ba tun ranar Juma'ar nan.

Da yamma, kafin a kai ta, aka shigar da su biyun gaban Malam Dabo. Ya ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya raba ku da tsoro, ya raba ku da ɓoye wa juna magana." Ya dubi Kashim. "Ga ta nan. Na ga yadda kake riƙe amana, shi ya sa ba zan yi maka dogon wa'azi ba."

"Amin, Baba," in ji Kashim. Sakinatu ma ta ce amin daga cikin mayafi, a hankali, amma ya ji.